Ɗana, Ka Taɓa Buɗe Ajiyar Nan Ka Gani?

Ɗana, na san ba sakaci ne ya hana ka ba. Na san ka taɓa zama da kyakkyawar niyya, ka buɗe kwamfutarka ka ce yau kam sai ka yi wa takardunka da hotunanka kwafin ajiya, wataƙila don ka ji labarin wani da faifan kwamfutarsa ya mutu da aikin shekaru a ciki, ko kuma ka ga yadda abokinka ya yi jugum ranar da aka ɗauke masa jaka a tasha da laftof ɗinsa a ciki. Ka shiga intanet neman manhajar da za ta yi maka aikin, sai ka tarar da sunaye barkatai, kowacce tana cewa ita ce gaba. Wannan kyauta ce amma sai wanda ya iya rubuta umarni a baƙin allo, waccan tana da sauƙi amma sai da dala, wata kuwa da ka sauke ta sai ta tare ka da tambayoyin da ba ka taɓa jin irinsu ba tun da ka fara taɓa kwamfuta. Ka gaji, ka rufe, ka ce sai wani jiƙon.

Ban zo yi maka faɗa ba, domin gajiyar da ka ji ta gaskiya ce, kuma waɗanda suka shekara da shekaru a wannan sana'a ma suna kuka da ita. Zama nake so mu yi a tsanake, don abu biyu nake ji maka tsoro. Na farko shi ne gajiyar nan ta sa ka bar maganar gaba ɗaya. Na biyun kuwa, wanda ya fi damuna nesa ba kusa ba, shi ne ka daure ka saka wata manhaja, ta nuna maka alamar cewa ta gama, ka saki jiki kana barci da tabbacin kana da ajiya, alhali ko sau ɗaya ba ka taɓa buɗe ajiyar ka ga abin da ke ciki ba. Wanda ya san ba shi da ajiya yakan yi taka-tsantsan da kwamfutarsa. Wanda yake zaton yana da ita shi ne ke ba mai gyara izinin goge komai da murmushi a fuskarsa.

Bari mu fara da inda ruɗanin yake tasowa. Ayyuka uku ne daban-daban, amma masu sayar da manhaja sukan lulluɓe su da suna ɗaya su bar mai saye ya yi ta lalube. Akwai manhajar da aikinta shi ne ta tabbatar abin da ke cikin kwamfutarka ya yi daidai da abin da ke ma'ajiyar kamfani a intanet, irin su Google Drive da OneDrive da Dropbox. Akwai wadda ke ɗaukar kwafin fayilolinka lokaci-lokaci tana jera su bisa kwanan wata, yadda in ka ɓata takarda yau za ka iya komawa ka ɗauko ta kamar yadda take a makon jiya. Akwai kuma wadda ke kwafe faifan kwamfutar ɗungurungum, da Windows ɗin da manhajojin da duk wani saiti da ka yi, domin in faifan ya mutu ka sa sabo, ka juye komai, ka ci gaba da aikinka a ranar. Duk wanda bai raba ukun nan a ransa ba, ko manhaja nawa ya gwada zai riƙa jin an cuce shi, don zai ɗauki ɗaya yana jiran ta yi masa aikin 'yar'uwarta.

Ta farkon ita ta fi yaudarar mutanen kirki, kuma ba don mugun nufi ba. Ka ga 'yar alamar nan koriya a gefen folda, sai hankalinka ya kwanta ka ce ai komai yana sama. Abin da ba a faɗa maka da babbar murya shi ne, ita biyayya kaɗai ta sani. In ka goge fayil a nan za ta goge shi a can, in ƙaramin yaro ya hau kwamfutar ya share rabin rubutunka za ta ɗauki ragowar ta ɗora a kan cikakken, in bairos ya lalata takarda to lalatacciyar ce za ta hau. Gaskiya ne suna da kwandon shara, amma na Google Drive kwana 30 yake riƙe abu, Dropbox na kyauta ma kwana 30 yake ba ka ka dawo da abin da ya ɓace. Takardar da kake buɗewa kullum za ka lura da ɓatanta kafin wa'adin ya cika. To, amma hoton takardar fili, da hotunan sunan ɗanka na fari, da babin farko na kundin digirinka da ka gama tun bara, yaushe rabonka da duba su? Irin waɗannan sai an yi wata shida ake nemansu, lokacin kuwa kwandon ya daɗe da zubar da su.

Shi kansa Windows bai sauƙaƙa maka ba, don haka kar ka ga laifin kanka in ka rikice. A cikin kwamfuta ɗaya za ka iske File History da ya zo tare da Windows 8 a 2012, ga wani tsoho da har yanzu yake ɗauke da sunan Windows 7 a jikinsa, ga kuma sabon da ake kira Windows Backup wanda ya jingina da OneDrive, inda gigabait 5 kacal ake ba ka kyauta. Masu Mac sun fi samun sauƙi, don tun 2007 suke da Time Machine, wanda ke riƙe kwafin kowace awa na yini guda, da na kowace rana na wata guda, da na kowane mako har faifan ya cika. File History ma yana da kirki in ka san halinsa, sai dai foldojin da ya saba da su yake ɗauka, na takardu da hotuna da abin da ke fuskar kwamfuta da makamantansu, ba ya bin ka duk inda ka ɓoye abu sai ka nuna masa. A nan ne wata al'ada tamu take cutar da mutane. Mai gyara zai raba maka faifai gida biyu, C da D, ya ce ka riƙa zuba kayanka a D don ko Windows ta lalace ba abin da zai same su. Ya yi gaskiya ta wannan fuskar, amma C da D ɗin nan duk a jikin ƙarfe ɗaya suke, ranar da ya mutu tare za su tafi, ranar da aka sace kwamfutar ma tare za a sace su.

Sai maganar kamfanoni, wadda ita ce ta fi ƙona ran waɗanda suka yi ƙoƙari tun farko. Akwai wata manhaja da ake kira CrashPlan, wadda mutane da yawa suka amince da ita suka ɗora mata kayan shekaru. A watan Agusta na 2017 kamfaninta ya ba da sanarwar ya daina hulɗa da masu amfanin gida, ya koma wa 'yan kasuwa, kuma zuwa Oktoban 2018 ya rufe wannan ƙofar, kowa ya nemi inda zai kwashe kayansa ya kai. Macrium Reflect na kyauta, wanda masu gyaran kwamfuta suka daɗe suna yabo, shi ma an yi masa ritaya, aka daina ba shi gyaran tsaro daga farkon 2024. Google Photos ya yi shekaru yana karɓar hotuna ba iyaka, sai ya tsayar da wannan daga 1 ga Yunin 2021, duk abin da aka ɗora daga nan ya koma cikin gigabait 15 da Gmail da Drive suke rabawa, daga baya a 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma ta shigo tana cin wurin. Google ɗin dai ya faɗa cewa asusun da aka shekara 2 ba a taɓa ba yana iya goge shi. Ba ina ce maka waɗannan kamfanoni maciya amana ba ne, ɗana. 'Yan kasuwa ne, lissafin riba suke yi, kuma lissafi yakan canza. Kai kuma ga naka lissafin: ana cajin ka da dala duk wata ko duk shekara, alhali da naira ko sefa kake samu, kuma ka ga shekarun da katin banki na naira ya ƙi biyan komai a waje. In biya ya tsaya, galibinsu wa'adi za su ba ka, in ya wuce su share.

Saboda haka kafin ka tambayi kowace manhaja abin da ta iya, ka fara tambayar kanka wannan: in aka wayi gari babu ita, babu kamfaninta, zan iya buɗe kayana? Da yawansu sukan dunƙule fayilolinka cikin wani ƙaton fayil guda wanda ita kaɗai ta san yadda ake kwance shi. Wasu kuma sukan ɗauki cikakken kwafi sau ɗaya, daga nan su riƙa ɗaukar abin da ya canza kawai, na yau ya dogara da na jiya, na jiya ya dogara da na shekaranjiya, har a koma kan na farkon. Dabara ce mai kyau, tana rage cin wuri da ɓata lokaci, amma in guda ɗaya a tsakiya ya lalace, duk waɗanda suka biyo bayansa suna iya zama aikin banza. Shi ya sa nake so, ko wace manhaja ka zaɓa, abubuwan da ba za ka iya jure rashinsu ba su kasance kana da kwafinsu guda a fili, fayil a matsayinsa na fayil, wanda za ka soka faifan a kowace kwamfuta ka danna ya buɗe ba tare da neman izinin kowa ba.

Yanzu ka ba ni hankalinka sosai, don nan ne zuciyar maganar. A 1998 kamfanin Pixar na Amurka yana tsakiyar haɗa fim ɗin Toy Story 2, sai wani ya ba da umarnin gogewa a inda bai kamata ba, ma'aikata suna kallo kayan fim ɗin suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kafin a cire wa injin wuta kusan kashi 90 cikin ɗari ya tafi. Ba su firgita sosai ba da farko, don suna da ajiya, kuma kamfani ne da ke cike da ƙwararru. Da suka dawo da ajiyar suka fara aiki da ita, sai suka gano ta daɗe da samun matsala ba wanda ya sani. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, wadda ta haihu tana aiki daga gida, don haka akwai kwafin fim ɗin a kwamfutarta ta gida. A bargo aka naɗe kwamfutar nan aka ɗauko ta a mota a hankali zuwa ofis. Ka duba fa, ba tsarin da aka kashe wa kuɗi ne ya fitar da su ba, wani kwafi ne da Allah ya sa yana wani gida daban saboda wani dalili daban.

Kusan shekara 20 bayan haka, ranar 31 ga Janairun 2017, irin wannan ta faɗa wa GitLab, kamfanin da aikinsa ma shi ne riƙe wa masu rubuta manhaja kayansu. Wani injiniya da dare ya yi masa yana fama da wata matsala ya goge bayanai a kan injin da ba shi ya yi nufi ba, kimanin gigabait 300, kafin ya ankara saura kaɗan. Hanyoyin ajiya 5 suke da su. Da aka bi su ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta yi aikin da ake zaton tana yi. Ɗaya daga ciki ta daɗe tana faɗuwa saboda sigar manhajar da ke ɗaukar kwafin ba ta dace da sigar rumbun bayanan ba, kuma saƙonnin imel da ya kamata su sanar da su faɗuwar ba sa isowa. Suka koma kan wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa 6 kafin abin ya faru, aikin waɗannan awanni kuwa ya tafi ke nan. Abin da ya burge ni da su shi ne ba su ɓoye ba, sun rubuta komai a fili duniya ta karanta, shi ya sa ni da kai muke iya ɗaukar darasi a yau. A Jami'ar Kyoto ta Japan kuwa, a watan Disambar 2021, manhajar ajiyar ce da kanta, bayan an yi mata wani sabuntawa, ta goge terabait 77 na aikin masu bincike.

Ban kawo maka waɗannan don in karya maka gwiwa ba, ko don ka ce in manya sun kasa ina ga ni. Na kawo su ne don ka ga cewa a duka labaran ba rashin manhaja ne ya kawo asara ba, kuma ba rashin ilimi ba ne. Manhajar ajiya tana da wani hali da ya bambanta ta da sauran: in ta daina aiki ba ka ji a jikinka. In manhajar rubutu ta lalace yau, yau za ka sani, don ba za ka iya rubutu ba. Ita kuwa wannan tana iya shekara a mace kana wucewa ta gabanta kullum, faifan ya cika ta tsaya, ko harafin faifan ya canza ta kasa gane shi, ko an ɗauke wuta tana tsakiyar aiki ta bar shi rabi, ba za ka sani ba sai ranar da ka zo nema, ranar da sanin ba shi da amfani. Manomin kirki ba ya liƙe rumbu da kaka ya ce sai bazara. Yakan hau lokaci-lokaci ya buɗe, ya zura hannu ya zaro zangarniya ya murza ya gani ko gara ko ƙwaro sun shiga, don ya san daga waje rumbun da ya cika da wanda aka cinye kamanninsu ɗaya.

To, haka nake so ka riƙa yi, kuma ba wani aiki ne mai wuya ba. Sau ɗaya a wata, ka sa wa kanka rana, ka buɗe ajiyar. Kar ka tsaya a kan saƙon da manhajar ta rubuta cewa komai lafiya. Ka zaɓi takarda ɗaya ta kwanan nan, da hoto ɗaya tsoho, da wani fayil mai nauyi kamar bidiyo, ka ce ta dawo maka da su wani wuri daban, ka buɗe kowanne ka gani da idonka har ƙarshensa. Ka duba kwanan watan kwafi na ƙarshe, in ka ga na watanni uku da suka wuce ne ka san akwai magana. In da hali, wani lokacin ka yi gwajin a kwamfutar wani, domin ranar da za ka buƙaci ajiyar da gaske taka kwamfutar ba ta nan. In kuma irin mai kwafe faifai ɗungurungum kake amfani da ita, kamar Veeam Agent na kyauta ko Clonezilla, ka haɗa filashin tayar da kwamfuta da suke buƙata tun yanzu, ka gwada shi ka ga ya tashi ya kuma ga faifan ajiyarka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai wata fa'ida kuma a cikin wannan gwaji da ba a cika faɗa ba: hannunka zai saba da hanyar dawo da kaya tun hankalinka yana kwance, don mutumin da ke cikin firgici yakan danna abin da zai ƙarasa lalata ragowar.

Bayan wannan sai maganar inda ajiyar take kwana. Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, shi ya yaɗa ƙa'idar da ake kira 3-2-1: kwafi uku na duk abin da ke da muhimmanci, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wani wuri daban. Wannan na ƙarshen shi mutane suka fi rainawa. Ranar 10 ga Maris na 2021 gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVH da ke birnin Strasbourg na Faransa, ta cinye gini guda na injinan ajiya ƙurmus, miliyoyin shafukan intanet suka ɗauke, wasu abokan cinikin kuma suka tarar ajiyar da suke taƙama da ita a wuri ɗaya take da ainihin kayan. Ba sai mun je Turai ba ma. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, ko ambaliyar da ta shafe unguwannin Maiduguri a watan Satumbar 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, ya san wuta da ruwa ba sa ɗaukar kwamfuta su bar faifan da ke cikin durowar teburin. Ɓarawo ma jaka yake ɗauka, kuma yawancinmu a aljihun jakar laftof muke ajiye faifan. Ka sami faifai na biyu ka kai gidan mahaifiyarka ko na wani amininka a wata unguwa, ka riƙa musanya su in ka je gaisuwa.

Faifan da ke gida ma kar ka bar shi a soke dare da rana. Akwai bairos mai garkuwa da fayiloli, wanda ke kulle komai ya nemi kuɗin fansa, irin WannaCry da ya tsayar da asibitoci a Ingila a watan Mayun 2017, kuma irinsu duk faifan da suka samu a haɗe da kwamfuta tare suke kulle shi. Ga kuma wutarmu da kan dawo da ƙarfi ta ƙona abin da ta samu. In an gama kwafi ka cire shi ta hanyar da ta dace ka ajiye. Filashi kuwa ɗan aike ne, na kai takarda shagon bugawa, kuma ka san irin bairos ɗin da yake kwasowa a can. Akwai na jabu da yawa a kasuwa, wanda zai nuna maka yana da wuri mai yawa alhali ɗan kaɗan ne a cikinsa, ya yi ta karɓar kaya yana taka na farko da na baya, sunayen fayiloli suna nan amma in ka buɗe ba komai. Wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna H2testw tana cika shi ta karanta ta faɗa maka gaskiyar girmansa, ka gwada kafin ka amince.

Za a ba ka zaɓin kulle ajiyarka da kalmar sirri, kuma abu ne mai kyau, musamman ga faifan da zai kwana a gidan wani ko kayan da za su hau intanet. Sai dai ka sani kullewar gaske ba ta da ƙofar baya, in ka manta kalmar ko kamfanin da ya yi manhajar ba zai iya buɗe maka ba. Sababbin kwamfutoci da yawa ma a kulle faifansu yake da BitLocker mai su bai sani ba, sai ranar da mai gyara ya canza wani abu a ciki, ta tashi tana neman lambobi 48 da ba ka taɓa gani ba. Ka nemo su yau a asusunka na Microsoft. Ka rubuta su da biro a takarda, da kalmar sirrin ajiyarka, ka sa inda kake ajiye takardun gida. Kuma ka yi haƙuri in faɗa maka abin da ba a son ji: rai na Allah ne. Ya kamata a sami mutum ɗaya a cikin iyalinka da ya san inda takardar nan take, domin a kwamfutocinmu yanzu akwai lissafin bashi, da wanda ake bin mu da wanda muke bi, akwai shaidar ciniki da takardun da magada za su nema.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya sa na ɗauki maganar da nauyi haka. In kayanka ne kai kaɗai, asarar taka ce, ka yi haƙuri ka sake. Amma sau nawa abin da ke cikin kwamfutar mutum nasa ne shi kaɗai? Mai ɗaukar hoton biki yana riƙe da ranar da ba za ta maimaitu ba a rayuwar wasu. Mai shagon buga takardu yana riƙe da kundin ɗalibin da ya sayar da abin hannunsa ya yi bincike. Malamin da ke haɗa sakamakon jarrabawa, da akawun da ke riƙe da lissafin ƙungiya, da sakataren da aka ba rajistar marayu, duk amana ce a hannunsu. Ranar da abin ya ɓace za ka ce kwamfuta ce ta lalace, kuma gaskiya ka faɗa, mutane ma za su ce Allah ya mayar da alheri, amma kai a ranka za ka san akwai abin da ya kamata ka yi tun da wuri, kuma wannan sanin yakan daɗe yana cin mutum fiye da asarar kanta. Ba na so ka ɗanɗani wannan.

Na san za ka ce data ta yi tsada, wuta kuma ba ta zama, yaya za a yi mutum ya ɗora gigabait ɗari biyar a intanet? Ba sai ka ɗora ba. Ka zauna ka tace kayanka. Finafinai da waƙoƙi da manhajojin da ka sauko da su, duk ana iya sake samo su. Abin da hannunka ya rubuta, da hoton da kai ka ɗauka, da muryar mahaifinka da ka naɗa, su ne ba su da madadi, kuma za ka yi mamakin ƙanƙantarsu in ka ware su, takardun shekara goma sau da yawa ba sa cika gigabait kaɗan. Waɗannan su za su hau intanet, su kuma shiga faifai biyun nan. Sauran su tsaya a faifai kawai.

Game da wace manhaja kuwa, ga abin da zan ce maka, kuma ina so ka karɓa ka huta da bincike. In Mac gare ka, ka kunna Time Machine. In Windows ne, ka kunna File History a kan faifan waje ka tabbatar ya ga duk foldojinka, ko ka ɗauki FreeFileSync, wadda kyauta ce kuma tana barin fayiloli a fili yadda suke, sai dai ka saita ta ta riƙa adana tsofaffin da aka goge ko aka canza a wata folda maimakon ta share su. In aikinka ba ya jure tsayawar yini guda, ka ƙara da mai kwafe faifai ɗungurungum. Kowacce a cikinsu tana da aibinta, za ka ci karo da shi, wata rana za ta ba ka haushi da wani saƙon da ba ka gane ba. Kar wannan ya mayar da kai kasuwa neman wadda ba ta da aibi, don wanda ke sauya manhaja duk wata uku yakan ƙare da tarkacen ajiya iri-iri da ba ya iya buɗe ko ɗaya. Da babu gara ba daɗi, kuma matsakaiciyar manhajar da ka san halinta, kake leƙa ta duk wata, ta fi maka wadda ake yabo a ko'ina amma ba ka taɓa gwada dawo da komai daga cikinta ba.

Ina roƙonka, kafin Juma'ar nan ta zagayo, ko ba ka yanke shawara a kan kowace manhaja ba, ka sami faifan waje mai kyau, ka kwafe foldar nan da ka fi jin tsoron rasawa da hannunka, ka ɗauke shi ka je wurin wata kwamfutar ka buɗe fayil uku ka gani. In sun buɗe, ka rubuta kwanan watan a takarda ka manna a jikin faifan, ka sa ranar da za ka sake dubawa. Allah ya tsare maka guminka, ya kuma ba ka ikon riƙe amanar mutane da ke hannunka.